Allen: garin da ya gina wa 'yan sakandare filin wasa na dala miliyan 60

A ƙarshen watan Agustan 2012 aka buɗe wani filin wasa a garin Allen da ke jihar Texas ta Amurka, mai cin mutum 18,000, wanda gininsa ya lashe kusan dala miliyan 60. Ba na wata babbar ƙungiya ba ne, ba kuma na jami'a ba. Na makarantar sakandaren gwamnati ne, kuma masu buga wasa a cikinsa yara ne 'yan shekara 15 zuwa 18 da ba a biyansu ko sisi. Labarin ya karaɗe jaridun ƙasar, aka yi ta Allah wadai. Dalilin fushin a fili yake: shekara ɗaya kafin nan majalisar jihar ta zaftare sama da dala biliyan 5 daga kasafin ilimi, makarantu suna ta rage malamai, sai ga wani gari ya narka dukiya a kankare da ƙarfe saboda ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka.

Masu sukar suna da gaskiyarsu, sai dai ba a inda suka ɗora ta take ba. Kafin mutum ya yanke hukunci kan filin, sai ya san yadda kuɗi ke shiga irin wannan makaranta, da dalilin da ya sa karatu da wasanni suka sarƙe da juna a cikinta har ba a iya taɓa ɗaya ba tare da ɗayan ya motsa ba.

Allen gari ne na gefen birni, kimanin kilomita 40 arewa da Dallas. A can, sabanin abin da muka saba gani, masu hali ne ke ficewa daga tsakiyar birni su tare a gefe, inda gidaje ke da faɗi, su riƙa shiga birni aiki da safe su dawo da yamma. A 1990 mutanen Allen ba su kai 20,000 ba. A ƙidayar 2020 sun haura 100,000. Akasarin waɗanda suka ƙaura zuwa can ma'aurata ne masu yara, kuma abin da suka fi tambaya kafin su sayi gida shi ne makarantar da adireshin zai kai 'ya'yansu. Makarantar gwamnati a Amurka kyauta ce, ba jarrabawar shiga, ba kuɗin zango. Amma yaro ba ya zaɓar ta, inda iyayensa ke kwana shi ke zaɓa masa. Gida biyu iri ɗaya, titi guda ne tsakaninsu, ɗaya zai iya fin ɗaya tsada nesa ba kusa ba don kawai iyakar makarantu ta ratsa tsakaninsu. 'Yan Najeriya mazauna Dallas da Houston, waɗanda suna da yawa, sun san wannan lissafi sarai. Kuɗin makarantar yana nan, an dai cusa shi ne a cikin kuɗin gida.

Ba gwamnatin tarayya ke tafiyar da makarantun ba, ba kuma magajin gari ba. Kowane yanki yana da hukumar makarantunsa mai cin gashin kanta, wadda mutanen yankin ke zaɓar wakilanta, galibi mutum bakwai. Su ke ɗaukar babban darakta, su ke yanka harajin gidaje. Texas ba ta karɓar harajin albashi, don haka nauyin ya koma kan kadara. A ce ana karɓar dala 1 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, mai gidan dala 500,000 zai riƙa zuba kimanin dala 5,000 duk shekara a asusun makarantu, ko yana da ɗa a ciki ko ba shi da shi. Yankin da ke da manyan gidaje da kantuna da ofisoshin kamfanoni zai tara kuɗi mai yawa da ɗan ƙaramin haraji. Yankin talakawa kuwa ko ya matse mutanensa ba zai kamo shi ba.

An sha shari'a kan wannan. A 1968 wasu iyaye daga Edgewood, unguwar talakawa 'yan asalin Meziko a birnin San Antonio, suka kai ƙara cewa tsarin ya zalunci 'ya'yansu. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai sanya ilimi cikin haƙƙoƙin asali ba, saboda haka ba ruwanta. Suka koma kotunan jiha, a 1989 Kotun Ƙolin Texas ta ba su gaskiya. Daga nan aka samu dokar 1993, wadda ke tilasta wa yankuna masu arzikin kadara miƙa wa jiha wani kaso na abin da suka tara don a rarraba. Mutane suka yi mata laƙabi da sunan Robin Hood, ɓarawon tatsuniyar Ingila mai ƙwace na masu kuɗi ya bai wa talakawa. Plano, maƙwabciyar Allen ta kudu, tana cikin manyan masu biya.

To a nan ne batun filin wasa ke shigowa, kuma a nan ne masu suka da yawa suka yi tuntuɓe. Harajin makarantu a Texas kashi biyu ne, kowane da asusunsa. Na farko na tafiyar da harkokin yau da kullum ne: albashin malamai, wutar lantarki, man motocin ɗaukar ɗalibai. Na biyu na biyan bashin gine-gine ne. Idan hukuma tana son gina wani abu, sai ta kawo maganar gaban masu zaɓe, in sun amince ta sayar da takardun lamuni, ta riƙa biya tsawon shekaru daga asusu na biyu. Doka ta hana a ɗauki kuɗin wannan bashi a biya malami albashi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dokar Robin Hood ba ta taɓa asusu na biyu. Duk dalar da gari ya tara don gini, tana nan a garin. A watan Mayun 2009 mutanen Allen suka kaɗa ƙuri'a kan bashin dala miliyan 119, kimanin kashi 63 cikin ɗari suka ce a yi. A cikin kuɗin har da katafaren zauren wasan kwaikwayo da kiɗa, da garejin motocin makaranta, filin wasan ya ci rabi.

Ke nan ba gaskiya ba ne a ce an cire abinci daga bakin malamai an gina filin. Amma kuma ba zan yarda da masu kare aikin ba idan suka tsaya a nan kamar sun gama magana. Asusu biyu ne, aljihu ɗaya ne. Maigidan da ke biyan bashin fili shi ne za a sake zuwa wajensa gobe a ce a ƙara harajin albashin malamai. Babban aibin tsarin kuwa shi ne ya buɗe wa garuruwa masu arziki wata ƙofa da talakawa ba su da ita: an daidaita kuɗin gudanarwa gwargwado, an bar kuɗin gini kowa tasa ta fisshe shi. Shi ya sa bayan Allen aka shiga rige-rige. Katy, kusa da Houston, ta buɗe nata filin a 2017 a kan kimanin dala miliyan 70. McKinney, wadda ke iyaka da Allen ta arewa, ta buɗe nata a 2018 a kan kusan wannan adadi.

Filin na Allen ma bai tsira daga abin kunya ba. A watan Fabrairun 2014, bai cika shekara biyu ba, aka rufe shi saboda kankaren ya fara tsattsagewa. Kamfanin da ya zana da wanda ya gina suka ɗauki nauyin gyara, wanda ya haura dala miliyan 10, sai a 2015 aka sake buɗewa. Yaran suka buga kakar 2014 gaba ɗaya a filayen aro, kuma duk da haka suka ɗauki kofin jiha ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba.

Me ya sa ƙungiyar take da ƙarfi haka? Amsar tana cikin wata shawara da garin ya yanke tun yana bunƙasa: sakandare ɗaya tak, komai yawan jama'a. Maƙwabta sun bi wata hanya. McKinney tana da manyan sakandare uku, Plano ma uku. Allen ta tara kowa wuri ɗaya, 'yan aji 9, wato shekarar farko ta sakandare, a harabarsu ta daban, 'yan aji 10 zuwa 12 a babbar haraba, jimilla sama da ɗalibai 6,500, abin da ya sa ta zama mafi girma a jihar. Wasan da ake magana a kai shi ne zari-ruga irin ta Amurka, mai hular kwano da sulke, mutum 11 a kowane ɓangare. Kocin da zai zaɓi 11 daga samari dubu uku ba sa'an wanda zai zaɓa daga dubu ɗaya ba ne. Allen ta ci kofin jiha a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 da 2017. Ta taɓa jera wasa 57 ba a ci ta ba, kuma ba wanda ya doke ta a sabon filin sai a 2021. A wasan ƙarshe na 2013 da ta buga da Pearland, mutum sama da 54,000 suka shiga kallo. Jagoran ƙungiyar a shekaru ukun nan a jere, 2012 zuwa 2014, Kyler Murray, bai taɓa shan kaye ba a wasa 42 da ya fara. Daga baya ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2018, kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararrun zari-ruga, a 2019.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake yi ba zai ɗauka wasan yara ne. Ran Juma'a da daddare, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, garin kan ɗunguma zuwa filin. Tsofaffin da 'ya'yansu suka gama makaranta tuntuni suna riƙe da tikitinsu na shekara, ba sa sakinsa. Iyaye 'yan ƙungiyar tallafi suna sayar da abinci da riguna don tara wa yara kuɗin tafiye-tafiye. Da an tafi hutun rabin lokaci sai 'yan badujalar makaranta su cika filin daga wannan gefe zuwa wancan, masu busa da masu ganga da masu kaɗa tuta da 'yan mata masu rawa, wasu shekarun sukan kai 800, suna taku a jere suna zana siffofi da jikinsu. Suna cikin mafi girma a duk Amurka. Wannan adadi ya fi na 'yan wasan bayyana manufar garin: tunda ba kowa zai samu rigar wasa ba, an buɗe wata hanyar da yaro zai taka filin iyayensa na kallo.

Girman da ya ba ƙungiyar ƙarfi shi ne kuma ya ba karatun faɗi. A sakandaren Amurka ba a raba yara ajin kimiyya da ajin adabi a kulle su. Kowane ɗalibi da jadawalinsa, malami na zaune a ɗakinsa, yara ne ke canza ɗaki duk lokacin da ƙararrawa ta kaɗa. Texas tana buƙatar aƙalla kiredit 22 (cin darasi guda na tsawon shekara shi ne kiredit ɗaya) kafin a ba da takardar kammalawa, 26 ga wanda ya zaɓi wani fanni ya ƙware a kai, kamar kimiyya da fasaha, ko kasuwanci da sana'a, ko aikin hidimar jama'a. Darasi ɗaya kuma hawa-hawa ne. Akwai na kowa da kowa, akwai mai zurfi, akwai kwasa-kwasan AP waɗanda matakin shekarar farko ta jami'a ne, ana rubuta jarrabawarsu a watan Mayu a ba da maki 1 zuwa 5, jami'o'i da yawa kuma suna yafe wa wanda ya ci da kyau maimaita darasin. Allen tana da tsarin karatun IB, mai ba da takardar shaida ta ƙasa da ƙasa, tana kuma da haɗin gwiwa da kwalejin Collin, inda yaro zai ɗauki darasi ɗaya a lissafa masa shi a sakandare da kwaleji lokaci guda. Tana da gidan cin abinci da ɗalibai masu koyon girki ke gudanarwa, da ɗakin shirya shirye-shiryen talabijin, da cibiyar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2019. Ƙaramar makaranta ba za ta iya ɗaukar malami don yara 8 masu son wani darasi ba. A makarantar mutum 6,500, waɗannan 8 sun zama aji uku.

Amma faɗin yana da farashi. Tun 1997 Texas ke da dokar da ta ba duk ɗalibin da ya gama cikin kashi 10 na saman ajinsu gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. Babbar jami'ar da ke Austin ta ƙara matse nata, ta koma kashi 6, sannan kashi 5 ga masu shiga a 2026, saboda yawan masu nema. An yi dokar ne don ɗan ƙauye da ɗan unguwar talakawa su samu shiga, tunda da abokan ajinsa ake auna shi, ba da 'yan wata makaranta ba. A wuri irin Allen sai ta zama wuƙa mai baki biyu. Ajin da ke fita duk shekara ya haura mutum 1,500, da yawansu 'ya'yan injiniyoyi da likitoci ne, kuma darussa masu zurfi sun fi na gama-gari nauyin maki a lissafin matsayi. Sai ka ga yaro ya guji darasin zane ko kiɗa da yake so don kada ya jawo masa matsakaicin makinsa ƙasa, ya cika jadawalinsa da AP, yana kwana kan littafi. Yarinyar da za ta zo ta ɗaya a wata ƙaramar makaranta, a nan sai ta zo ta 300.

Haka abin yake a filin wasa. Ƙungiyar ƙwallon kwando mutum 5 ne a fili ko makaranta na da ɗalibai 500 ko 6,000. Shugaban ɗalibai ɗaya ne, jarumin wasan kwaikwayo ɗaya ne. Frisco, wani garin gefen Dallas da bai da nisa da Allen, ya kalli wannan ya zaɓi akasinsa. Duk lokacin da jama'a suka ƙaru sai ya gina sabuwar sakandare, yanzu suna da 12, kowace da ɗalibai wajen 2,000. Ƙungiya 12 ke nan, badujala 12, wanda ya zo na ɗaya mutum 12. Ba sa tara kofunan zari-ruga kamar Allen, amma yaran da ke samun damar sa riga sun ninka. A ganina Frisco ta fi kusa da abin da aka kafa makaranta dominsa. Allen ta zaɓi garin ya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, mutanenta kuma suna alfahari da hakan, sai dai yaron da ke zaune a benci shekara uku shi ya biya kuɗin alfaharin.

Abin da ya ɗaure karatu da wasa a doka kuwa ya samo asali ne daga 1984. Gwamna Mark White ya naɗa attajirin nan Ross Perot ya jagoranci kwamitin gyaran ilimi, shi kuwa ya fito ƙarara ya ce ƙwallo ta cinye makarantun jihar. Dokar da ta biyo baya ta ce wanda bai ci ba, ba zai buga ba. Duk ɗalibin da ya samu ƙasa da maki 70 a darasi ɗaya a ƙarshen zangon tantancewa, za a dakatar da shi daga gasa mako 6. Kociyoyi suka tayar da ƙayar baya, kuma suna cikin waɗanda suka yi wa White taron dangi ya faɗi zaɓe a 1986. A 1995 aka sassauta, dakatarwar ta koma mako 3, an kuma yarda yaro ya ci gaba da atisaye. Dokar ba 'yan ƙwallo kaɗai ta shafa ba, har mai busa sarewa da ɗan muhawara. An kuma bar wa hukumomi damar ware wasu darussa masu zurfi daga hukuncin, don an lura yara na gudun darasi mai wuya saboda tsoron a hana su wasa. Atisaye bayan an tashi makaranta ma an ƙayyade shi, awa 8 a makon karatu.

Dokar ta yi aiki, ta kuma haifar da nata matsalar. Malamin lissafin da ya ba tauraron ƙungiya maki 68 ana saura kwana biyu babban wasa ya san wayarsa za ta yi ƙara. Makarantar Carter ta Dallas ta ɗauki kofin jiha a 1988, bayan doguwar shari'a kan makin lissafin ɗan wasa ɗaya aka ƙwace kofin. Su kansu kociyoyin a Texas dole su zama cikakkun ma'aikatan hukumar makarantu, don haka mataimakan koci da yawa da safe suna koyar da tarihi ko kiwon lafiya, da yamma suna fili da usur a wuya. Babban koci a manyan makarantu yakan haura dala 100,000 a shekara, alhali matsakaicin albashin malami bai wuce wajen 60,000 ba.

Hukumar da ke kula da gasannin, UIL, Jami'ar Texas ce ta kafa ta a 1910, kuma da muhawara ta fara, ba da ƙwallo ba. Ita ke rarraba makarantu rukuni shida bisa yawan ɗalibai, ita ke hana yaro sauya makaranta don wasa kawai. Har yanzu tana shirya gasar jiha ta aikin jarida da wasan kwaikwayo da lissafi. Akwai wata gasar lissafin ka da ake ba yara tambaya 80 a minti 10, ba takardar gwaji, ba goge amsa, wanda ya yi kuskure ko ya tsallake tambaya a rage masa maki. Kofin da ake bayarwa na jiha ne kamar na zari-ruga, sai dai ba mai sayen tikiti ya je kallo. 'Yan mata kuwa dokar tarayya ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ita ta buɗe musu fili. Kafin ta, 'yan matan da ke wasanni a sakandaren Amurka ba su kai 300,000 ba, yanzu sun haura miliyan 3.

Iyaye da yawa suna kashe kuɗi a kan horo da tafiye-tafiye da fatan ɗansu ya samu karatun jami'a kyauta ta hanyar wasa. Alƙaluman hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, sun nuna kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai na 'yan wasan sakandare ke samun irin wannan tallafi, kuma da yawansa ba cikakke ba ne. Samari kusan miliyan ɗaya ke buga zari-ruga a sakandare, NFL kuwa kimanin mutum 260 kawai take ɗauka a zaɓenta na shekara. Ko wanda ya yi fice sai ya kawo darussa 16 na asali da makin da aka ƙayyade kafin a bar shi ya buga wa babbar jami'a.

Yanzu kuma garuruwan sun shiga wani sabon yanayi. Filayen gini sun ƙare a Allen da Plano, gidaje sun yi tsadar da sababbin ma'aurata ba sa iya saye, waɗanda suka tare shekaru 20 da suka wuce 'ya'yansu sun girma sun tafi, su kuma suna nan zaune a gidajensu. Jiha tana ba da kuɗi ne bisa yawan yaran da ke halartar aji kullum, kuma ainihin kason kowane yaro ya tsaya a dala 6,160 tun 2019 har tsawon shekaru, duk da tsadar kaya. Da yara suka ragu sai kuɗin gudanarwa ya ragu. A 2024 Plano ta yanke shawarar rufe makarantu huɗu. A 2025 kuma gwamnan Texas, Greg Abbott, ya sa hannu kan dokar da ta ware dala biliyan 1 don bai wa iyaye kimanin dala 10,000 kan kowane yaro su kai shi makarantar kuɗi in sun ga dama. Duk yaron da ya fita, kason jiha ya bi shi, bashin gine-ginen kuwa yana nan a kan masu gidaje har sai sun biya.